Tsatsar cikin jiki: yadda ƙiba ke buɗe wa ciwon sukari da hawan jini ƙofa



A ƙasarmu idan mace ta yi jiki sai a ce ta samu hutu, maigida na kula da ita. Idan ɗan kasuwa ya ajiye tumbi sai a ce kasuwa ta karɓe shi, har a fara kiransa Alhaji tun bai je ba. Amarya kuwa so ake ta cika ido kafin ranar buki. To amma duk mai zama a babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko Katako ta Yamai, ya san cewa da wuya ka bi layi guda ba ka tarar da mai shan maganin hawan jini ba, wato tansiyon, ko wanda ciwon sukari, wato jabet, ya raba shi da shayi mai zaƙi, ko rumfar da ke rufe saboda mai ita na kwance da shanyewar ɓarin jiki.

Abin bai tsaya ga Nijar ba. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ƙiyasta cewa a shekara ta 2022 manyan mutane miliyar 2 da rabi ne nauyinsu ya wuce ƙa'ida, daga cikinsu miliyan 890 ƙibarsu ta kai matsayin cuta. Tsakanin 1990 da 2022 yawan masu irin wannan ƙiba a cikin manya ya ninka fiye da sau biyu.

Shin me ya haɗa kitse da waɗannan cututtuka? Ɗaya daga cikin manyan amsoshin da masana suka gano shi ne abin da likitocinmu ke kira da Faransanci "sitires oksidatif". Mu a nan za mu kira shi tsatsar cikin jiki.

Mece ce wannan tsatsa?

Kowa ya san abin da ke samun kwanon rufi ko ƙofar rumfa ta ƙarfe bayan damina biyu ko uku. Kowace mace ta san yadda doya ko yalo ke yin baƙi idan aka yanka aka ajiye, da yadda man gujiya ke canza wari ya yi ɗaci idan ya daɗe a buɗe cikin rana. Duk waɗannan aikin abu guda ne, wato iskar oksijin, iskar nan da muke shaƙa muke rayuwa da ita. Idan ta haɗu da ƙarfe ko mai ko naman ɗan itace sai ta riƙa cinsa sannu a hankali.

A cikin jikin ɗan Adam ma haka take. Jiki ya ƙunshi ƙwayoyin halitta ƙanana da ido ba ya gani, kuma a cikin kusan kowace ƙwaya akwai wasu ƙananan murhu da ake kira mitokondiriya. A nan ne ake ƙona abincin da muka ci tare da iskar da muka shaƙa, a samu ƙarfin tafiya da magana da ɗaukar kaya. Kamar kowane murhu, wannan ma yana fitar da tartsatsi: wasu ɓarɓashin oksijin ne marasa natsuwa, waɗanda duk abin da suka faɗa wa sai sun ƙona shi, ko fatar ƙwayar halitta ce, ko bangon jijiyar jini, ko kitsen da ke yawo cikin jini.

Tartsatsin nan yana da amfaninsa. Da shi ne fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki, ke kashe ƙwayoyin cuta. Kuma jiki na da masu kashe gobara nasa na kansa, sinadaran da yake haɗawa domin su bice tartsatsin da ya yi yawa, sannan yana samun ƙarin taimako daga abinci, kamar bitamin C da bitamin E da sinadaran da ke ba ganye da ƴaƴan itace launinsu. Matsala na tasowa ne idan tartsatsi ya fi ƙarfin masu kashe shi, kamar sikelin da ɓangare guda ya rinjaya. Wannan rinjayen ne wani masani Bajamushe, Helmut Sies, ya ba suna a shekara ta 1985, sunan da likitoci ke amfani da shi har yau.

Magazar da ta cika ta batse

A da ana ɗaukar kitse kamar magazar ajiya kawai, inda jiki ke tara abin da ya rage domin ranar yunwa. Daga shekarun 1990 aka gane cewa kitse na aika saƙo cikin jini. A 1993 masu bincike a Amurka suka nuna cewa kitsen dabbar da ta yi ƙiba na fitar da sinadarin kumburi. A 1994 Jeffrey Friedman da abokan aikinsa a Niyok suka gano leptin, sinadarin da kitse ke aika wa ƙwaƙwalwa domin sanar da ita yawan ajiyar da ke jiki.

Ɗan kasuwa ya san buhu na da iyaka. Idan ka ci gaba da ɗura masa hatsi bayan ya cika, ɗinki zai fara saki. Haka ƙwayoyin kitse suke. Idan suka kumbura fiye da kima, jini ba ya isa gare su yadda ya kamata, wasu su mutu, sai sojojin jiki su taru a wurin domin kwashe gawarwakin. Sojojin nan kuwa makaminsu tartsatsi ne. Sai a samu wani kumburi na ɓoye, wanda ba ya zafi, ba ya sa zazzaɓi, amma yana ci shekara da shekaru.

A 2003 aka buga sakamakon awon fitsarin mutane fiye da 2800 na garin Framingham a Amurka, inda aka ga cewa alamar tsatsa ta fi yawa ga masu shan taba, da masu ciwon sukari, da masu nauyin jiki. A 2004 kuma masu bincike na jami'ar Osaka a Japan, a ƙarƙashin Iichiro Shimomura, suka nuna cewa a jikin ɓerayen da suka yi ƙiba, kitsen kansa ne ke ƙara samar da tartsatsi, a lokaci guda kuma masu kashe gobarar da ke cikinsa na raguwa. Da suka ba ɓerayen maganin da ke toshe wannan hanya, sai sukarin jininsu ya sauka, kitsen hantarsu ya ragu.

Kuma ba duk kitse ne ɗaya ba. Wanda ke cinya da ɗuwawu ya fi sauƙi. Mafi haɗari shi ne na ciki, wanda ke naɗe da hanji, domin abin da yake zubarwa kai tsaye yake wucewa hanta. Shi ya sa namiji siririn ƙafa mai babban tumbi bai kamata ya ce shi ba ya da ƙiba ba.

Inda tsatsar ke ci

Na farko, ciwon sukari. Insulin shi ne makullin da ke buɗe ƙofar ƙwayoyin jiki domin sukari ya fita daga jini ya shiga a ƙona shi. Tsatsa da kumburi na lalata kwaɗon ƙofar, makulli ya shiga amma ya ƙi juyawa da sauƙi. Sai gaɓar da ke yin insulin, wadda ake kira pankiriyas, tana nan bayan tumbi, ta shiga ninka aiki. Abin tausayi, ƙwayoyinta masu yin insulin na daga cikin waɗanda ba su da isassun masu kashe gobara, don haka da wuri suke gajiya. Idan suka gaji sukari ya taru a jini. Sukarin da ya taru kuma tamkar an ƙara wa murhu itace ne, tartsatsi ya ƙaru. Wani likita a Amurka, Michael Brownlee, ya bayyana a 2001 cewa wannan ce babbar hanyar da ciwon sukari ke bi ya lalata ƙananan jijiyoyin ido da ƙoda da ƙafa. Daga nan ake samun raunin gani, da ciwon ƙoda, da gyambon ƙafar da ba ya warkewa.

Na biyu, hawan jini da zuciya. Bangon jijiyar jini na fitar da wata iska kaɗan da ke sa jijiya ta saki, ta buɗe, jini ya wuce ba wahala. Masana uku da suka gano aikin wannan iska sun samu kyautar Nobel a 1998. Tartsatsi na cinye ta tun ba ta yi aikinta ba, sai jijiya ta ƙage, zuciya ta riƙa turo jini da ƙarfi. Bayan haka kitsen da ke yawo cikin jini, wanda ake kira kolesterol, idan tsatsa ta taɓa shi yakan maƙale a bangon jijiya, kamar yadda dattin mai ke toshe magudanar ruwa. Ranar da hanyar ta toshe, in a zuciya ne bugun zuciya ke nan, in a ƙwaƙwalwa ne shanyewar ɓarin jiki.

Na uku, hanta. Mutum na iya samun kitse a hanta ko da bai taɓa shan giya ba. Idan tsatsa ta kama kitsen, hanta na kumbura, daga baya ta yi tabo ta ƙandare. Sannan a 2016 cibiyar binciken kansa ta OMS da ke Liyon a Faransa ta lissafa kansa iri 13 da ke da alaƙa da yawan kitse, ciki har da ta mahaifa da ta mama bayan ɗaukewar al'ada.

Abubuwan da ke hura wutar a kasuwa

Man suya. Mai ƙosai, mai awara, mai fanke, mai kifi, duk jarinsu na cikin kasko. Duk lokacin da aka ɗora mai a wuta ya yi zafi ya huce, iska na cinsa, yana haifar da wasu sinadarai masu guba da ke shiga cikin abin da aka soya. A Faransa doka ta hana amfani da man suyar da lalataccen ɓangarensa ya wuce kashi 25 cikin 100. A 2003 wani bincike da aka yi a garin Pizarra na kudancin Ispaniya, inda aka auna man da ke cikin kaskon gidaje, ya nuna cewa hawan jini ya fi yawa a gidajen da ke suya da man da ya lalace. Ba sai da na'ura za a gane shi ba: ya yi baƙi, ya yi kauri da danƙo, yana kumfa, yana hayaƙi tun wuta ba ta yi ƙarfi ba. Ƙara masa sabo a kai ba ya mayar da shi sabo.

Sukari. OMS ta ce kada sukarin da babban mutum ke sha a yini ya wuce kamar giram 50, kuma giram 25 ya fi. Gwangwanin lemun kwalba guda na santilita 33 na ɗauke da kusan giram 35, wato ƙwayar sukari 6 zuwa 7. Sai a haɗa da shayin rumfa zagaye uku, da madara mai zaƙi ta safe, da sukarin fura da na kunu. Mutum na iya ninka ƙa'idar tun azahar ba ta yi ba.

Hayaƙi. Taba sigari na cike da tartsatsi. Hayaƙin itace da gawayi ma haka, kuma mai suya da mai tuwon sayarwa su ne ke yini a kansa.

Zama. Ɗan kasuwa na fitowa kan moto ko kabu-kabu, ya zauna daga safe zuwa magariba, yaro ne ke miƙo kaya, yaro ne ke sayo abinci. Abinci na shiga, murhu ba ya buƙatarsa, sai magaza.

Ƙwayoyin sa ƙiba. Wannan ya fi shafar mata da ƴan mata. Abin da ake sayarwa a tebur ko a kan tire domin a yi jiki, galibi iri biyu ne. Akwai siproheptadin, maganin ƙaiƙayi da mura ne mai buɗe ciki da sa barci. Akwai kuma dekizametazon, magani mai ƙarfi da likita ke bayarwa don wasu cututtuka na ɗan lokaci. Idan aka daɗe ana shansa fuska na kumbura ta yi zagaye, kitse ya taru a ciki da ƙeya, ƙafafu su sirance, fata ta yi laushi ta tsage, ƙashi ya yi rauni, sukari da tansiyon su hau. Wato ainihin kitsen da ya fi haɗari shi ake saye da kuɗi. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, domin hakan na iya kayar da ita. Ta je likita a rage mata sannu sannu.

To ƙwayar bitamin fa?

Mai karatu zai ce, tunda tsatsa ce, sai a sayi maganin tsatsa a farmasi. Masana ma sun yi wannan tunani, kuma sun gwada shi kan dubban mutane. A ƙasar Finlan an ba maza masu shan taba fiye da 29000 ƙwayoyi na shekaru, sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna cewa waɗanda suka sha ƙwayar beta-karotin, sinadarin nan na karas, kansar huhu ta ƙaru a cikinsu da kashi 18 cikin 100. A shekara ta 2000 wani babban gwaji kan mutane fiye da 9000 masu haɗarin ciwon zuciya ya nuna cewa ƙwayar bitamin E ba ta kare su ba. A 2009 kuma masu bincike a Jamus suka ga cewa samarin da ke motsa jiki suna shan bitamin C da E masu yawa sun rasa wani ɓangare na ribar motsa jikin.

Dalili shi ne, ɗan tartsatsin da motsa jiki ke tayarwa shi ke koya wa jiki ya ƙara masu kashe gobararsa. Ƙwaya mai ƙarfi na hana shi wannan koyo. Saboda haka idan wani ya zo rumfa da kwalba mai tsada yana cewa tana wanke tsatsa, tana narkar da kitse, tana warkar da jabet, a riƙe kuɗi da kyau. Wannan magana ba ta shafi bitamin A da ake ba yara ba, ko ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba masu ciki a wurin awo. Waɗannan a ci gaba da karɓarsu.

Abin da ya yi aiki

A 2002 aka buga sakamakon wani gwaji a Amurka kan mutane 3234 da sukarinsu ya fara hawa amma bai kai ciwo ba. Waɗanda aka sa su rage kamar kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma yi tafiya mai sauri ta minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu da ciwon sukari ya ragu da kashi 58 cikin 100. Waɗanda aka ba maganin metformin, nasu ya ragu da kashi 31. Ga mai kilo 80, kashi 7 cikin 100 bai wuce kilo 5 zuwa 6 ba. Minti 150 kuwa rabin awa ne sau biyar a mako. Sauka daga kabu-kabu kafin a iso kasuwa, ko takawa zuwa gida da yamma, na iya cika shi.

Ta fannin abinci, OMS ta ce a ci aƙalla giram 400 na ganye da ƴaƴan itace kowace rana, gishiri kuma kada ya wuce giram 5, wato ƙaramin cokali guda, har da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano. Ba sai an nemo kayan waje ba. Ga zogalar Jiratawa, ga albasar Galmi, ga tattasan Difa, ga tumatur, kabewa, karas, kuɓewa, rama, yakuwa da tafasa. Garin ƴaƴan kuka na da bitamin C mai yawa, haka gwaiba da lemun tsami. Wake, riɗi, gujiya da aya duk abokan tafiya ne. Hatsi da dawa da ba a surfe su fes ba sun fi farar shinkafa da taliya da burodi jinkirin sakin sukari a jini. Kwaɗon zogala da ƙuli-ƙuli ko dambu mai ganye da yawa sun fi abincin rana mai iyo cikin mai. Bisap ma, wani ƙaramin gwaji na jami'ar Tufts da aka buga a 2010 ya nuna cewa kofi uku a rana na mako shida ya ɗan sauke tansiyon, amma wanda ba a cika wa sukari ba, kuma ba ya maye gurbin maganin likita.

Ga masu suya: a zuba man da za a iya ƙararwa a yini, kada a cika kasko. A tace shi kowace yamma a fitar da ɓarɓashin da ya ƙone. Kada a bari ya yi hayaƙi. A ajiye shi a rufe, nesa da rana. Idan ya yi baƙi da danƙo a rabu da shi. Mai saye na gane ƙosan sabon mai daga ɗanɗano, kuma can yake komawa. A kafa murhu inda iska ke kaɗa hayaƙi gefe.

A yi awo

Tsatsar cikin jiki ba ta sallama. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su san suna da shi ba. Awo uku sun isa a fara. Na farko, a ɗauki mitar tela a auna ƙugu daidai cibiya: mace idan ta wuce santimita 88, namiji idan ya wuce 102, haɗari ya yi yawa, kuma tun daga 80 ga mace da 94 ga namiji ya kamata a fara lura. Na biyu, tansiyon: idan awo ya riƙa nuna 14 bisa 9 ko fiye, a ga likita. Na uku, sukari da safe kafin a ci komai: giram 1,26 a lita ko fiye, idan aka sake aka samu haka, ciwon sukari ne. Mai son lissafin nauyi kuma ya raba kilonsa da tsawonsa sau tsawonsa. Mai tsawon mita 1,60 da kilo 80 zai samu 31. Daga 25 nauyi ya wuce, daga 30 ƙiba ta zama cuta.

Wannan magana ba kira ba ce a rama, kuma ba ta shafi yaran da ke fama da tamowa ba, waɗanda ke buƙatar ƙarin abinci. Mai ciki da mai shayarwa ma kada su rage ci sai da shawarar likita. Wanda aka riga aka ɗora shi kan maganin jabet ko na tansiyon ya riƙe maganinsa, ya haɗa da waɗannan matakai.

Ɗan kasuwa ba ya barin ƙofar rumfarsa tsatsa ta cinye sannan ya kira mai walda. Kafin kasuwa mai zuwa ta ci, kowa ya ari mitar telan layinsu, ya kuma leƙa likita mafi kusa a auna masa jini. Allah Ya ba mu lafiya, Ya sa albarka a kasuwa.